Harsashin da Ya Rage a Bindigar Ishaya

Na sauka Amurka ranar wata Laraba da jaka ɗaya da takardar shiga jami'a, zan yi digiri na biyu a fannin kiwon kifi. Sunana Hamisu, ɗan Wara ne ni, a ƙasar Ngaski, bakin tafkin Kainji. Babana sana'ar banda ya yi har Allah ya karɓi ransa, Inna kuma har yau tana kai kifi kasuwa. Saboda haka karatun bai ba ni tsoro ba, kifi na san shi tun ina rarrafe. Mutanen ƙasar ne ban sani ba.

Zangona na farko gidan wani Alhaji Tanko ne, a babban birnin da jirgi ya sauke ni. Wani malaminmu na Yelwa ya haɗa mu ta waya, ya ce ɗan gida ne, zai riƙe ni mako biyu kafin a buɗe makaranta. Ya zo filin jirgi da babbar riga da fara'a, yana ta kirana ƙanena. A mota ya karɓi fasfona, wai zai ajiye mini don kada ya ɓace. Ɗakin da ya ba ni wurin ajiye tayoyi ne a bayan garejinsa, an jefa katifa a ƙasa. Da gari ya waye ya miƙo mini bokiti da soso. Tsofaffin motoci yake saye yana turawa Afirka, ni kuma na zama mai wanke su. Na wanke, na ce a raina baƙo ne ni, kuma mako biyu ba shekara ba ce.

Da kwanakin suka cika na same shi a ofis.

"Alhaji, fasfona nake so. Jibi ake rajista."

"Yana wurin lauya, ƙanena. Makarantar nan ba gudu za ta yi ba. Ka ƙara wata guda ka ga gari."

Na ce ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba. Bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya sa ya ɗage gefen rigarsa kamar mai laluben makulli, sai na ga ƙaramar bindiga baƙa maƙale a ƙugunsa. Ya bari na gan ta da kyau, sannan ya saki rigar ya ce in je in ƙarasa motar da na fara. A gida na saba ganin bindiga a kafaɗar ɗan sanda ko maharbi, kowa na ganinta daga nesa. Ranar na fara sanin cewa a ƙasar nan mai sayar da mota ma yana iya yawo da ita a ƙarƙashin riga, kuma da izinin hukuma.

Wani tsohon makaniki ɗan Meksiko da ke aiki a garejin ne ya fitar da ni. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu, amma ya ga abin da ya faru. Da Alhaji ya fita cin abincin rana, tsohon ya zo ya tsaya a ƙofar ofis, ya turo baki yana nuna mini durowar ƙasa ta tebur. Fasfona yana ciki, a ƙarƙashin takardun motoci. Ya sa ni a tsohuwar motarsa ya kai ni tashar bas, ya saya mini burodi da ruwa, ya dafa kafaɗata ya juya. Ko sunansa ban sani ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Zango na biyu jami'a ce, a wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar. Shekara biyu na yi. Karatu ya tafi daidai, kewar gida ce ta kusa kayar da ni. Sai in yi mako ban buɗe baki da Hausa ba, sai ranar Juma'a in na kira Inna. Wata rana ina cikin kanti ina duba albasa, na ji wani a bayana yana waya, yana Hausa yana haɗawa da Kambarci. Na ajiye albasar na bi shi har wurin ajiye motoci.

"Malam, don Allah daga ina?"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Ngaski. Kai hwa?"

"Wara."

Ya kashe wayar ba sallama, ya rungume ni a tsakiyar motoci. Sunansa Ishaya, ƙauyensu yana hayin ruwa, mahaifiyarsa kan shigo kasuwarmu a kwalekwale da daddawa. Ya riga ni zuwa da shekaru, yana tuƙa motar kai kaya gida-gida. Shi Kirista ne, ni Musulmi, kuma daga ranar ba abin da ya raba mu. Duk Sallah shi ke tuƙa ni tafiyar awa guda zuwa masallacin idi, ya jira ni a mota. Duk Kirsimeti ni ke yanka masa kaji, ya ce hannuna ya fi albarka.

Da na gama karatu na sami aiki a wata babbar gonar kiwon tarwaɗa, ba nisa da garin. Nan ne zangona na uku, kuma nan nake har yau. Tafkuna ne jere sai ka ce fadamar shinkafa ta Shanga, ido ba ya ganin ƙarshensu. Aikina auna iskar da ke cikin ruwa da lura da lafiyar kifi. Mai kula da gonar wata mace ce mai suna Mis Lorin, ta haura sittin, tsohuwar soja, ba ta da yawan magana. Ita ta tsaya mini har na sami takardar zama ta dindindin. Ranar da na gane kifin wani tafki ba shi da lafiya tun kafin na'ura ta nuna, daga yadda yake tasowa cin abinci, ta dube ni ta ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce babana. Daga nan ta daina duba bayan aikina.

A shekarata ta uku a gonar aka yi wa Ishaya fashi. Da rana tsaka ne, ya tsaya sauke kaya a wata unguwa, wasu mutum biyu suka tare shi, ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a wuya ya sa shi durƙuso a kan titi. Sun kwashe kayan sun tafi, ba su taɓa shi ba, amma mutumin da ya zo ɗakina da yamma ba Ishayan da na sani ba ne. Na zuba masa shinkafa, ya kasa kai loma baki.

"Hamisu, na durƙusa ma yaran da na isa haihuwarsu, na girme su nesa. Ba ni ƙara durƙusa ma kowa. Gobe za ni neman lasisi."

Na raka shi. Ni ma a lokacin ina yini ni kaɗai a tafkunan da ke can ƙarshen gona, kuma an sha zuwa satar mai da injin, sai na ce bari in cika tawa takardar. Ofishin 'yan sandan gunduma muka je. Aka ba mu fom, aka ɗauki hoton yatsunmu, aka ɗauke mu hoto, aka ce za a bincika ko muna da tarihin laifi. Bayan 'yan kwanaki aka kira mu muka karɓi kati. Katin ya ba mu izinin ɓoye ƙaramar bindiga a jikinmu mu shiga kasuwa da ita, mu shiga gidan mutane. Na tambayi matar da ta miƙo mini shi inda ake zuwa koyo.

Ta yi murmushi. "In kana so akwai masu koyarwa. Amma a jihar nan ba dole ba ne. Jihar da ke maƙwabtaka da mu ce ke tilastawa."

Na fito ina juya katin a hannu. Ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata, Ishaya ma haka. A ranar muka shiga kanti kowa ya sayi tasa. Mai kantin ya nuna mana yadda ake cusa gidan harsasai a cikin mariƙi, da yadda ake ja saman bindigar baya ta ɗana. Duk bayanin bai kai tsawon shan shayi ba.

Ranar Litinin na tafi aiki da ita a ƙarƙashin riga, ina jin kaina wani babba. Ko awa ɗaya ban yi ba Mis Lorin ta tsayar da motarta kusa da ni.

"Hamisu, mene ne wannan a ƙugunka?"

Na ciro katin na nuna mata. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sauke ƙofar bayan motar ta ce in ɗora bindigar a kai, bakinta na kallon ruwa, in cire mata harsasai. Na danna maɓalli, gidan harsasan ya faɗo a hannuna, na ajiye shi gefe.

"Babu komai a ciki yanzu?"

"Babu."

Ta ɗauka ta ja saman baya. Harsashi ɗaya ya yi tsalle ya faɗo a kan ƙarfen motar yana gangarawa. Ta tare shi da yatsa, ta ɗaga shi daidai idona.

"Wanda ya riga ya hau ciki ba ya fita don ka cire gidan. Wannan ɗayan shi ya fi kashe mutane a cikin ɗakunansu. Katinka na gwamnati ne, gonar nan kuwa ni ke kula da ita. Ba za ka sake shigowa da bindiga ba sai ka zauna a ajina."

Ashe ranar Asabar tana koyar da riƙon bindiga a zauren wani coci. Na je Asabar biyu. Mu goma sha wani abu ne, har da wata mai aikin jinya, da wani tsoho da jikarsa ta kawo shi. Sai da muka yi rabin yini ba wanda ya taɓa harsashi. Ta yi ta nanata mana cewa kowace bindiga a ɗauke ta tana ɗane, ko da kai ka sauke ta da hannunka. Yatsa ba ya zuwa kan kunamar bindiga sai ka yi niyyar harbi. Bakin bindiga ba ya kallon abin da ba ka shirya hallakawa ba. Ta nuna mana bangon gida irin nasu da aka harba, harsashi ya huda shi ya wuce kamar takarda, ta ce mu tuna akwai maƙwabci a bayan kowane bango. Ta karanta mana doka, inda aka yarda ka kare kanka da inda za ka ƙare a kurkuku. A ƙarshe ta sa kowa ya kwanta a ƙasa, abokinsa ya ɗaure masa cinya da bel kamar an harbe shi, har sai ta gamsu jini zai tsaya. Mun yi ta dariya a wannan darasin.

Na fito ajin na san abu ɗaya tabbas, cewa makon da na yi ina yawo da bindigar nan kafin in koya, Allah ne kawai ya tsare ni da mutanen da na gifta. Na kira Ishaya na ce ya zo ya yi.

"Da wane lokaci?" in ji shi. "Asabar ita ce ranar da kaya ya hi yawa. In bar aiki kwana biyu, in kuma biya kuɗin aji? Waɗanda sunka ɗora mini bindiga a wuya wane aji sunka shiga? Kullum talaka aka ce ma ya kawo takarda. Mai kuɗi yana da mai gadi."

"Gaskiya ka faɗa. Amma bari in nuna maka abu guda da ta nuna mini."

"Hamisu, na kalli bidiyo a waya ya hi ashirin. Na iya."

Na so in matsa, sai na ga ransa ya fara ɓaci, kuma mutum ne da bai daɗe da shan wulaƙanci ba. Na ce a raina zan nuna masa in mun haɗu cikin natsuwa. Wannan jinkirin laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Babbar Sallah ta zo. Ya kai ni idi kamar kullum, muka biya muka karɓo naman da na yi oda, muka dawo ɗakina. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar kuka, muka shimfiɗa tabarma muka zauna a ƙasa, kwano ɗaya a tsakaninmu. Wajen ƙarfe biyu na rana ne. Ishaya ya yi ta gyara zama, bindigar tana tokare masa ciki. Ya ciro ta.

"Ishaya, mai da ita, ko ka ba ni in sauke ta."

"Kwantar da hankalinka, malamin bindiga." Ya danna maɓalli, gidan harsasan ya faɗo, ya jefa shi aljihu. "Ka gani? Wayam take."

Akwai loma a bakina. Na ɗaga hannu ina ƙoƙarin haɗiyewa in ce masa akwai saura, shi kuwa yana dariya, ya ja kunamar don ya nuna mini babu komai.

Ƙarar ta toshe mini kunne. Ban ji zafi da farko ba, ji na yi kamar an maka mini taɓarya a cinyar hagu. Na duba na ga farar shaddata tana rinewa, jini yana fitowa da ƙarfi yana tsartuwa. Ishaya ya saki bindigar, ya ɗora hannu biyu a ka, bakinsa a buɗe, ba ya motsi.

Abin mamaki, muryar Mis Lorin ce ta dawo mini tiryan-tiryan. Na ce, "Ishaya, dube ni. Cire bel ɗinka." Bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, sannan ya zabura. Na nuna masa inda zai ɗaura, can sama da raunin. Na ce ya cusa muciyar tuwo a ƙarƙashin bel ɗin ya murɗa. Ya murɗa, na yi ƙara, ya tsaya.

"Kar ka tsaya. Murɗa har jinin ya daina."

Yana kuka yana murɗawa har tsartuwar ta tsaya. Na riƙe muciyar da hannuna, na ce ya kira motar asibiti, kuma ya tura bindigar can ƙarƙashin kujera da ƙafa, ya tsaya inda za a ga hannayensa. 'Yan sanda suka riga motar asibiti isowa. Abu na ƙarshe da na gani kafin a fitar da ni shi ne Ishaya kwance rub da ciki a kan tabarmar, an sa masa ankwa ta baya, kuncinsa kusa da kwanon tuwo.

Harsashin ya fasa ƙashin cinya ya yanki jijiyar jini. Aka yi mini aiki sau biyu, aka sa ƙarfe. Likitan ya ce da ba a ɗaure ƙafar ba, da ban iso asibiti da rai ba. Mis Lorin ta zo duba ni da miyar kaza a kwano. Ta zauna ta dube ni ta ce, "Muciya?" Na ce ita ce a kusa. Ranar na fara ganin dariyarta har haƙora.

Na ɓoye wa Inna. Na ce mata zamewa na yi a bakin tafki na karye. Ta yi ta faɗa, wai ɗan bakin ruwa guda ya tafi ƙasar Turawa ya faɗi a laka.

Maganar Ishaya ta je kotu. Lauyansa ya gaya mini a fili cewa in aka kama shi da babban laifi, bayan ɗauri za a iya mai da shi gida, shekarunsa duka su tashi a banza. Na je kotun a keken marasa lafiya. Na faɗi abin da ya faru ban rage ba ban ƙara ba: ya cire gidan harsasai, ya ɗauka babu komai, ya ja kunama bindigar tana kallona, sannan da hannunsa ya tsayar da jinin. Alƙalin ya tambaye ni ko ina tsoronsa. Na ce a ƙasar nan kaf ba ni da wanda ya fi shi. Aka kama shi da laifin sakaci, aka yanke masa aikin gayya na wasu watanni, aka karɓe lasisinsa na wani lokaci, kuma aka ce dole ya halarci ajin koyon riƙon bindiga.

Wannan hukuncin na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Hukumar da ta ba shi kati ba ta tambaye shi ko ya iya ba, ita ce yanzu ta tilasta masa koyo, bayan ƙashina ya fashe.

Ina kan sanduna Mis Lorin ta gaya mini cewa ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu zai zo jin ra'ayin jama'a, don an kawo shawarar a sa horo ya zama dole kafin a ba da lasisi. Ta ce ba ta ce sai na je ba. Na ce zan je. A zauren wata makaranta aka yi, ya cika maƙil. Yawancin waɗanda suka yi magana ba sa so. Wanda ya fi burge ni wani dattijo ne manomi mai farin gemu. Ya ce kakansa ya koya masa harbi tun yana ƙarami, kuma haƙƙin da doka ta ba mutum ba a yi masa jarrabawa a kansa. Ya ce matar da tsohon mijinta ke barazanar kashe ta ba ta da makonnin jiran aji, kuma kuɗin aji talaka zai hana, ba ɓarawo ba. Aka tafa masa sosai. Ni ma na ga gaskiya a maganarsa, don kusan abin da Ishaya ya faɗa mini ke nan.

Da aka kira ni na dogara sanduna na isa gaba. Na ce ni baƙo ne, ba ni da ƙuri'a, amma ina da lasisi irin nasu, ina da bindiga, kuma ban zo in ce a karɓe ta kowa ba. Na ba su labarin Sallah. Na ce dattijon nan ya yi sa'ar kaka, ni da abokina ba mu da kakan da ya koya mana, kuma irinmu suna da yawa, har cikin 'ya'yan ƙasar. Na ce a garinmu ba a miƙa wa mutum jirgin ruwa mai inji ya ɗauki fasinja sai ya daɗe yana bin wanda ya iya, kuma ba wanda ke ganin an tauye shi, don ba ransa kaɗai ne a cikin jirgin ba. Bindigar da ke ɓoye a ƙarƙashin riga, na kusa da kai bai san da ita ba balle ya kauce, saboda haka abin da ya rage masa shi ne ya dogara da cewa ka iya. Na ce in kuɗi ne matsala a yi ajin kyauta, in lokaci ne a yi shi ranar da ma'aikaci ke hutu, mai tsoron ransa kuma a koya masa a ranar da ya zo. Amma a koya wa mutum kafin a ba shi kati, don abin da ya fasa mini ƙafa ana koyar da shi cikin minti biyu.

Ba a tafa mini kamar dattijon ba. Amma da aka tashi ya tako har inda nake, ya cire hularsa ya miƙo mini hannu.

"Har yanzu ban yarda gwamnati ta tilasta ba," in ji shi. "Amma ban taɓa tunanin wanda ba shi da kaka ba. Ina da fili a bayan gonata, ka gaya wa matar can mai aji, duk wanda ba shi da hali ta kawo shi, ni zan sayi harsasan."

Shawarar ba ta wuce a majalisa ba a wannan shekarar. Ra'ayina bai canza ba, kuma duk lokacin da aka sake kiran taro zan je. Ajin kyauta kuwa ana yinsa a filin dattijon sau ɗaya a wata, ni ke koyar da ɗaurin cinya.

Ishaya ya yi ajinsa, ya fi kowa maki. Da wa'adin ya cika aka ce ya zo ya karɓi lasisinsa, sai ya ƙi zuwa, ya sayar da bindigar. Na ce masa yanzu da ya iya ne ya kamata ya riƙe ta. Ya ce yanzu da ya iya ne ya san ba ya so. Ban yi masa gardama ba. Tawa tana nan a akwatin ƙarfe mai makulli, ina ɗaukarta in zan tafi tafkunan nesa.

Abin da ban sani ba shi ne Ishaya ya kasa riƙe maganar, ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata komai. Wata Juma'a da hantsi, kafin in kira Inna, sai ga kiranta ta bidiyo a wayar ƙanwata. Tana zaune a tsakar gida, fuskarta ba wasa.

"Hamisu, ashe harbinka anka yi?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Wata mata ta taho daga hayi tun da sahe, da akuya da kwandon dawa. Ta durƙusa a ƙohwar ɗakina tana kuka, ta ce ɗanta ya harbi ɗana. Ni ko na ce mata ɗana a laka ya hwaɗi. Ka ga yadda ka mai she ni?"

"Ki gafarce ni, Inna. Ban so hankalinki ya tashi ba."

"Wa ya ba yaron bindiga?"

"Saya ya yi. Hukuma ta ba shi takarda."

"Wa ya koya mishi?"

"A lokacin ba kowa."

Sannan ta juya wayar, na ga wata tsohuwa siririya zaune a kan tabarma kusa da murhun banda, da wuƙa a hannu tana gyaran kifi. Ta ɗago ta gan ni, ta sa gefen zane ta rufe fuska.

"Na ce mata ta tashi, wanda ya ɗaure maka ƙahwa bai zama maƙiyinka ba," in ji Inna. "Akuyar ta koma da ita, dawar na karɓa. Nan za ta kwana, ruwa ya yi iska. Kai kuma aje wayar inda zan gan ka, ka tashi ka taka."

Na jingina wayar da kofin shayi, na miƙe, na taka daga bakin gado zuwa ƙofa na dawo, ba sanda. Ina jin numfashinta ta cikin wayar.

"Kana ɗingishi."

"Kaɗan ne, Inna."

Ta kira tsohuwar ta ce ta matso ta gani da idonta. Suka haɗa kai a gaban wayar su biyu, Inna ta ce in sake takawa. Na sake.